Kafin ka kwaso iyali zuwa Abuja: Kubwa, Lugbe, Mararaba ko Gwagwalada?

Wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja, ko kasuwanci ya jawo shi daga Kano, Zariya ko Sakkwato, abin da yakan fara tambayar dillali shi ne ina haya ta fi sauƙi. Wannan tambayar kuwa ita ya kamata ta zo ƙarshe. A Abuja, abin da ka rage a haya a kan titi za ka biya shi, da man fetur da kuma lokaci, kuma yara ne ke fara jin jiki. Ka fara da wurin aikinka, ka duba titin da zai kai ka can, ka nemi makaranta a ɓangaren wannan titin, sannan ka nemi gida.

Dalilin yana cikin yadda aka zana garin. Ofisoshi sun taru a tsakiya, wato Sakatariya, Garki, Wuse, Maitama da Asokoro, amma yawancin masu aiki a cikinsu ba za su iya hayar waɗannan unguwanni ba, sai su kwana a bayan gari. Manyan hanyoyi uku ne ke kwaso su kowace safiya su mayar da su da yamma: titin Keffi, titin Kubwa da titin filin jirgi. Duk unguwar da ka zaɓa, ɗaya daga cikin waɗannan titunan ka zaɓa.

Titin Keffi

Nan ne Nyanya, Karu, Jikwoyi da Kurudu, duk a cikin Babban Birnin Tarayya. Da ka tsallaka iyaka kuma sai Mararaba, Ado da Masaka, waɗanda ke ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa. Haya ta fi araha a wannan ɓangaren, cefane ma haka, ga 'yan uwa Hausawa birjik, ba za ka rasa masallaci, Islamiyya ko mai tuwo ba. Idan tsawon hanya za a duba, kusa ne, domin daga Nyanya zuwa Sakatariya bai kai kilomita 20 ba.

Matsalar ita ce duk jama'ar nan ta titi ɗaya suke bi: Mararaba, gadar Nyanya, Kugbo, sannan mahadar AYA da ke Asokoro. Wanda ya fita da an sallame Asuba zai iya isa cikin minti 40. Wanda ya tsaya karyawa ya fita ƙarfe 7, zai iya shafe awa biyu, musamman ranar Litinin ko ranar da tirela ta lalace a hawan Kugbo. Da yamma kuma a sake. Wannan ɓangaren ya dace da mai aiki a Asokoro ko Karu, ko ɗan kasuwar da shi ke tsara wa kansa lokacin fita. Bai dace ko kaɗan da gidan da za a riƙa ɗaukar yara kullum ana shiga da su makarantar cikin gari ba. Yaron da ake tasa ƙarfe 4:30 na asuba, barci zai yi a aji.

A kuma lura cewa wanda ya zauna Mararaba yana ƙarƙashin Nasarawa ne, makarantun gwamnati da takardun fili duk na can ne, ba na Abuja ba.

Titin Kubwa

A ganinmu, ga mai iyali mai matsakaicin albashi da ke aiki a Wuse, Maitama, Jabi ko Utako, wannan ɓangaren ya fi daidaita. Titin yana da faɗi, kuma ko da cunkoso ya kama a mahadar Dutse ko wajen Gwarinpa, yawanci motoci na tafiya a hankali, ba tsayawa cik ba. Kubwa na da nisan kusan kilomita 25 zuwa 30 daga tsakiyar gari. Tana da babban asibitin gwamnati, kasuwa, makarantu na kowane aljihu, kuma sassa da dama suna samun ruwan famfo saboda madatsar Usuma na kusa, a wajen Ushafa. Jirgin ƙasa na Kaduna yana tsayawa a Kubwa, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai yawan leƙa gida. Jirgin cikin gari da aka sake buɗewa a watan Mayun 2024 yana da tasha a Gbazango da Dei-Dei, sai dai sai an canza a Idu kafin a kai tsakiyar gari, don haka a duba jadawalinsa kafin a dogara da shi.

Gwarinpa ta fi Kubwa kusa da kuma tsari, amma hayarta ta yi sama sosai. Dawaki da Dutse Alhaji na tsakanin biyun. Bwari, inda hedikwatar JAMB da makarantar horar da lauyoyi suke, ta fi araha amma ta yi nisa, kuma a farkon 2024 an yi fama da satar mutane a gefen Bwari da Dutse. Duk gidan da ke ƙarshen unguwa, bayansa daji ko dutse, a tambayi maƙwabta batun tsaro da kyau.

Can gaba akwai Zuba, sai Madalla da Suleja a jihar Neja. Bahaushe a Suleja kamar yana gida ne, kuma kuɗin ciki da falo a Kubwa zai iya kama maka gida sukutum a can. Amma tafiyar ta haura kilomita 40, kuma idan hanya ta toshe a Madalla ko Zuba babu ta inda za a zagaya cikin sauƙi.

Titin filin jirgi

Lugbe ce babbar unguwa a nan, kuma titin ne ya fi gudu cikin ukun. Ga mai aiki a Garki, Sakatariya ko filin jirgi, ba a cika samun wadda ta fi ta ba. Abin dubawa a Lugbe shi ne abin da ke bayan babban titi. Rukunin gidaje da yawa hanyar shigarsu ba kwalta, da damina minti 15 zai tafi kafin ka hau babban titi, ƙafafun mota kuma su riƙa cin kuɗi. Ruwa akasari na rijiyar burtsatse ne. Sai babbar magana, ambaliya: rukunin gidaje na Trademore ya sha ruwa sosai a watan Yunin 2023, sassan Lokogoma ma an san su da wannan. Idan ka je ganin gida da rani, dubi jikin katanga da gindin bango, ruwa yakan bar layin laka ko fenti ya kumbura. Dubi kuma ko akwai rafi ko babbar kwata a bayan layin, kuma ko gidan ya fi titi gangare.

Kuje ta fi shiru da araha. Gwagwalada, da ke da nisan fiye da kilomita 50, gari ce mai cin gashin kanta, da jami'a da asibitin koyarwa, ga zafi fiye da cikin Abuja. Wanda aikinsa ke can ya zauna can, wanda aikinsa ke Wuse kada arahar haya ta ruɗe shi.

Lissafin da ya kamata a yi a takarda

A ɗauka motarka na cin lita ɗaya a kilomita 10. Gida mai nisan kilomita 30 yana nufin kilomita 60 zuwa da dawowa, lita 6 a rana, lita 132 a kwanakin aiki 22, sama da lita 1,500 a shekara. Gida mai nisan kilomita 15 rabin haka zai ci. Ninka bambancin da farashin litar yau, ka ɗora a kan hayar gidan mai nisa, sannan ka kwatanta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan lissafin yakan juya zaɓi gaba ɗaya. Cunkoso kuma yana ƙara shan mai a kan wannan.

Marar mota ya ƙirga hawa nawa zai yi: Keke ko acaɓa zuwa bakin titi, tasi zuwa mahadar Berger ko Area 1 a cikin gari, sannan wata zuwa ofis. An hana acaɓa a tsakiyar gari tun 2006, don haka ba za ka yanke hanya da babur ba. Dawowar dare kuma na da haɗarin 'yan fashin da ke yawo kamar masu tasi. A hau mota a tasha, a gaya wa uwargida da manyan yara haka.

Kada ka gwada hanya ranar Asabar ko Lahadi. Kwana a unguwar, ka fita ranar Litinin a daidai lokacin da za ka riƙa fita, ka dawo ƙarfe 5:30 na yamma. Gani ya kori ji.

Makaranta

Ƙa'idar da ta fi muhimmanci ita ce makarantar firamare ta kasance a unguwar da ake kwana, tafiyar da ba ta wuce minti 15 ba, yadda uwargida ko motar makaranta za ta dawo da yaro ba sai ka baro ofis ba. Ana tashi wajen ƙarfe 2, Islamiyya kuma ƙarfe 4. Yaron da ke maƙale a hanya tsakanin waɗannan lokutan, Islamiyyarsa ce ke fara zubewa.

Firamaren gwamnati, wato LEA, tana ƙarƙashin ƙananan hukumomi shida na birnin, kuma yajin aiki na taɓa ta. A 2025 malamai sun shafe fiye da wata uku a gida, daga Maris zuwa Yuli, kan mafi ƙarancin albashi. Ga sakandare, akwai kwalejojin tarayya a Kwali, Bwari, Apo, Abaji da Rubochi, ana shiga ta jarrabawar da NECO ke shirya wa 'yan aji 6 na firamare. Ga mai ɗa ko 'ya da ya isa zaman makarantar kwana, wannan na sauke nauyin zirga-zirga gaba ɗaya.

Makarantun kuɗi suna ko'ina, daga masu kyau zuwa gidan haya da aka yi wa fenti. Nemi ganin takardar amincewa daga hukumar ilimi, ka tambaya ko suna da lambar cibiyar WAEC da NECO tasu ko kai ɗalibai wani wuri suke. Ka shiga aji ka ƙirga yara, ka leƙa banɗaki, ka buɗe littafin wani ɗalibi ka ga ko malami na dubawa. Kuɗin zango da za a faɗa maka ba shi ne duka ba: akwai na rajista, yunifom, littattafai, mota da darasin yamma. A sa su rubuta maka jimillar shekara. Yaron da zai shiga aji 3 na babbar sakandare kuwa, gara a bar shi wajen dangi ya ƙarasa, domin sakamakon gwaje-gwajensa na baya yana tsohuwar makarantarsa, kuma makarantun kirki ba su cika karɓa a wannan ajin ba.

Kafin a biya

Haya ta shekara ce, a dunƙule. A kanta akwai la'adar dillali, yawanci kashi 10 cikin 100, kuɗin lauya da kan kai kusan haka, kuɗin ajiya na gyaran ɓarna, a rukunin gidaje kuma kuɗin gadi, shara da ruwa. Gidan naira miliyan 2 zai iya tashi miliyan 2 da rabi kafin ka karɓi makulli. Kada ka tura kuɗi sai ka ga mai gidan ko lauyansa, kuma sunan asusun ya yi daidai da na takardar yarjejeniya.

Duba mita. Idan mai kati ce, a tabbatar babu tsohon bashin AEDC, kamfanin rarraba wutar Abuja, a kanta, domin za a riƙa cirewa duk lokacin da ka sayi wuta. Tambayi rukunin samun wuta da layin yake: rukunin A an yi masa alkawarin awa 20 a rana amma farashinsa ya yi tsalle tun Afrilun 2024, rukunin C awa 12 ne, sai ka haɗa da janareta ko sola. Buɗe famfo, ka tambayi wa ke gyara injin rijiya idan ya ƙone, kuma ko tana ƙafewa a watan Maris da Afrilu. Yawan kurar 'yan ga-ruwa a layi amsa ce da kanta. Gidan da ke ƙauyen da ba a tsara ba yana da araha, amma jan fenti a jikin bangon maƙwabta alamar rusau ce.

Yawancin gidajen haya a Abuja fulat ne marasa tsakar gida da zaure, wani lokaci ƙofa na kallon ta maƙwabci. Idan sirrin iyali na da muhimmanci a gidanka, je da uwargida ta gani da idonta kafin a biya. Lokacin tashi da ya fi dacewa shi ne watan Agusta: damina ta nuna halin kowane layi, yara na dogon hutu, kuma za su fara sabon aji a Satumba tare da kowa. Idan aikin ya zo a tsakiyar zango, ka riga su zuwa, ka zauna wata ɗaya ko biyu wajen ɗan uwa ko a ɗaki guda, ka bi titunan nan uku da safe kafin ka sa hannu a yarjejeniyar shekara.