Logeion da Sunan Proteus: Inda Shafin Ya Ƙware da Inda Ya Tsaya

Logeion shafin intanet ne na Jami'ar Chicago a Amurka, an buɗe shi a 2011 ƙarƙashin kulawar Farfesa Helma Dik. Aikinsa guda ne: ka rubuta kalmar tsohon Girkanci ko ta Latin, ya jero maka abin da ƙamusoshi da dama suka ce a kanta a fuska ɗaya. Kyauta ne, ba rajista, kuma kusan duk rubutu ne zalla, don haka ba ya cin data. Sunan da ya fi dacewa a auna shi da shi shi ne Proteus, tsohon teku, wato dattijon abin bauta mai zama a teku, a tatsuniyoyin bautar Girkawan dā, domin suna ne da ya bar gidansu ya bazu: yana kan takardar sakamakon gwajin fitsari a asibiti, yana cikin littafin ilimin taurari, yana kuma kan manhajar zana da'irar lantarki da ɗaliban injiniya ke amfani da ita. Wanda ya gamu da shi a ɗaya daga wuraren nan ya so sanin mafarinsa, Logeion zai kai shi nesa, amma ba zai kai shi ƙarshen hanya ba.

A wajen shigar da suna ake fara tuntuɓe. Idan aka rubuta Proteus da harufan boko, ɓangaren Latin ne zai fi fitowa. Mai son ɓangaren Girkanci ya rubuta Πρωτεύς. Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara Girkanci cikin harsunan madannin waya ko kwamfuta. A tsarin madannin Girkanci na kwamfuta harufan ba sa zaune inda hannu ke zato: ω tana kan maɓallin V, υ tana kan Y, ς ta ƙarshen kalma tana kan W, wanda kuwa ya danna U zai ga θ ce ta fito. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sa gajeriyar ο a madadin doguwar ω. A boko duka biyun "o" ake rubuta su, a Girkanci kuwa harufa ne daban, kamar yadda "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama suke zama kalmomi biyu a bakin Bahaushe ko da rubutunsu ɗaya. Ka rubuta Προτεύς, ka rubuta abin da babu shi.

Wani abin yabo shi ne shafin na gane kalma ko da ta canza kama saboda nahawu. A waƙar Odyssey ta Homer, mawaƙin Girkawan dā, littafi na 4, baiti na 365, sunan ya zo ne a siffar mallaka, Πρωτέος, domin ana maganar 'yarsa ce. Mai karatun da bai yi nahawun Girkanci ba zai ɗauka wani suna ne daban. Logeion na da sashen tantance siffofin kalma da ke mayar da irin wannan zuwa tushensa, kuma wannan kaɗai ya isa ya cece ka daga ɓata rabin yini.

Ƙamusoshin da ke ciki ba tsara ɗaya ba ne, kuma sanin shekarunsu shi ne rabin iya amfani da shafin. Akwai babban ƙamusun Girkanci na Liddell da Scott da Jones, wanda aka fara bugawa a 1843, bugu na tara ya kammala a 1940. Akwai na Latin na Lewis da Short, 1879. Akwai ƙananan ƙamusoshi na kalmomin Homer kaɗai, irin na Autenrieth da na Cunliffe. Masu karatu a Nijar da Kamaru da Cadi su lura cewa Bailly na Girkanci da Gaffiot na Latin suna nan da Faransanci, kuma dukansu biyu sun fi sakin hannu wajen sunayen mutane da wurare fiye da babban ƙamusun Ingilishi, wanda ya fi karkata ga kalmomin yau da kullum. Babu Larabci, babu Hausa. Mai amfani na buƙatar iya harshe irin Ingilishi ko Faransanci.

Inda shafin ya fi ƙarfi shi ne nuna maka wajen da aka faɗi suna, da lambar littafi da ta baiti. A nan ma sai an koyi gajerun alamomi: Od. na nufin Odyssey, Hdt. na nufin Herodotus, marubucin tarihin Girka, Hor. na nufin Horace, mawaƙin Latin. Wasu ƙamusoshin Homer ba sa rubuta lambar littafi, harafi suke sawa: ƙaramar δ littafi na 4 ne na Odyssey, babbar Δ kuwa littafi na 4 ne na Iliad, waƙar Homer ta yaƙin Troy. Wanda bai san wannan ba zai je yana laluben Proteus a filin yaƙin Troy, inda ba ya nan.

Wanda ya bi lambobin zai tarar da labarin da kusan duk ma'anonin baya suka tsiro daga gare shi. Iska ta ƙi kaɗawa, Menelaus, sarkin Sparta da ke komawa gida daga yaƙin Troy, da mutanensa sun maƙale kwana 20 a tsibirin Pharos da ke gaɓar Masar, guzuri ya kusa ƙarewa. Eidothea, 'yar Proteus, ta ji tausayinsa ta koya masa dabara. Ta kawo fatu huɗu sababbin fiɗa na wasu dabbobin teku masu kama da ayu, waɗanda ubanta ke kiwo, ta tona musu makwanci a rairayi, ta lulluɓe shi da abokansa uku. Warin fatun ya kusa halaka su, sai da ta shafa musu abu mai ƙamshi a ƙarƙashin hanci. Da rana ta take tsaka tsohon ya fito, ya ƙirga garkensa har da su, ya kwanta. Suka far masa. A baiti na 456 zuwa 458 ya zama zaki, ya zama maciji, ya zama damisa, ya zama ƙaton aladen daji, ya zama ruwa mai gudu, ya zama doguwar bishiya. Ba su sake shi ba. Da ya gaji ya koma kamanninsa, ya faɗa musu gaskiyar abin da suka tambaya.

Abubuwa biyu ne a labarin nan, kuma ƙamusoshin Homer sun riƙe duka biyun: mai rikiɗa ne, kuma mai faɗin gaskiya ne da ba ya kuskure. Zamanin baya ya ɗauki na farko ya yar da na biyu. Ɓangaren Latin na Logeion ya nuna misalin hakan. Lewis da Short sun kawo Horace a wurare biyu, inda Proteus ya daina zama abin bauta ya koma lakabi: sau ɗaya ga mutumin da ba ya tsayawa kan ra'ayi guda, sau ɗaya ga mai wayon zille wa bashi duk yadda aka ɗaure shi da takardu. Bahaushe zai ce hawainiya. A wajen Virgil kuwa, wani mawaƙin Latin, littafi na 4 na waƙarsa Georgics, Proteus na nan da duban nasa, shi ne wanda Aristaeus, mai kiwon ƙudan zuma, ya kama domin ya ji dalilin mutuwar ƙudan zumansa.

Sai kuma wani Proteus na daban wanda ke rikita sabon shiga. Herodotus, a littafinsa na 2, ya ce Proteus sarkin Masar ne a Memphis, mutum kamar kowa, wanda ya riƙe Helen, matar Menelaus da aka yi yaƙin dominta, a wurinsa har aka gama yaƙin Troy. Euripides, marubucin wasan kwaikwayo, ya gina wasansa mai suna Helen na shekarar 412 kafin haihuwar Annabi Isa a kan wannan ruwayar. Logeion zai ajiye maka sarkin da tsohon tekun kusa da juna, amma ba zai warware maka yadda ɗaya ya zama ɗayan ba. Aikin masu sharhi ne wannan.

Yanzu ga asalin sunan, inda shafin ya fi rauni. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne Πρωτεύς ya fito daga πρῶτος, wato na farko, da ɗafa-ƙeyar εύς wadda ke gina sunayen maza, irin ta Nereus da Perseus, da kalmomi kamar βασιλεύς, sarki. Ma'anarsa ke nan kusa da na fari, ko wanda ya riga kowa. Mai amfani zai iya haɗa wannan da kansa idan ya buɗe πρῶτος a wani shafi ya kwatanta. Matsalar ita ce hujja mafi tsufa ba ta cikin bugun 1940. Sai a 1952 Michael Ventris ya warware rubutun Linear B, wanda aka samu a allunan yumɓu na fadojin Girka na wajen shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa. A allunan Pylos akwai suna da ake karantawa po-ro-te-u, kuma masana ba su daidaita ba kan ko abin bautar ake nufi ko wani mutum mai sunan. Ƙamusun da aka rufe shekara 12 kafin a iya karanta allunan ba shi da ta cewa. Ba laifin masu shafin ba ne, amma fuskar shafin ba ta yi wa baƙo kashedi da babbar murya, kuma ya kamata ta yi, domin ɗalibi na iya ɗaukar shirun tsohon ƙamus a matsayin rashin hujja.

Giɓin ya fi fitowa fili idan aka gwada da Poseidon, babban abin bautar teku na Girkawa. Shigar Ποσειδῶν tana da daɗin karatu, domin ta jero yadda kowane yanki ke furta sunan: Poseidaon a wajen Homer, Poseideon a Ionia, Poteidan a bakin Doriyawa. Wannan "t" ta Doriyawa ce ta sa Paul Kretschmer ya fassara sunan da mijin ƙasa ko ubangijin ƙasa, fassarar da har yau wasu ke karɓa wasu ke ƙi. Plato, masanin falsafar Girka, ma ya taɓa gwada tasa a littafinsa Cratylus, inda ya danganta sunan da ɗaurin ƙafa, tunda teku na hana mai tafiya wucewa, wadda masana harshe na yau ba sa ɗauka a matsayin asali. Mai son wannan muhawarar, da siffar po-se-da-o ta allunan, sai ya nemi ƙamusun asalin kalmomi: na Chantraine da Faransanci, wanda ya fito tsakanin 1968 da 1980, ko na Beekes na 2010. Ba kyauta suke ba, galibi sai a ɗakin karatun jami'a.

Kalmar ƙamus ɗin ma da muke ta maimaitawa tana da dangantaka da wannan fage. Daga Larabci muka aro ta, inda asalin ma'anarta teku ne, ta koma nufin littafin kalmomi saboda shaharar Alƙamusul Muhiɗ na Fairuzabadi. Masana da dama na mayar da ita ga Ὠκεανός, kogin da Girkawa suka ce ya kewaye duniya, wanda shi ma suka ɗauke shi abin bauta. Logeion zai ba ka rabin Girkancin wannan zancen, rabin Larabcin sai ka nema a wani wuri.

Ma'anonin zamani kuwa ba sa cikin hurumin shafin gaba ɗaya, kuma su ne suka fi kawo mutane. Linnaeus, masanin tsirrai, ya raɗa wa furen Protea suna a 1735, furen da ya zama alamar ƙasar Afirka ta Kudu. Laurenti ya sa wa wata makauniyar halittar kogunan ƙarƙashin ƙasa ta yankin Sloveniya suna Proteus anguinus a 1768. A 1885 Gustav Hauser ya ba wasu ƙwayoyin cuta sunan saboda yadda suke canza siffa suna malala a kan farantin gwaji, kuma Proteus mirabilis da ake gani a sakamakon masu ciwon mafitsara daga nan yake. A 1983 Hans-Rudolf Wiedemann ya kira wata larurar girman sassan jiki ba daidai ba da sunan, a 1989 kuma kumbon Voyager 2 ya gano wani watan duniyar Neptune da aka raɗa wa Proteus. Wanda ya rubuta Protea a Logeion yana neman furen zai iya ganin an mayar da shi ga tsohon teku, domin a waƙoƙin Latin haka ake rubuta sunan idan shi ne aikin ya faɗa wa, kamar a baitin Horace da aka ambata.

Akwai tarko guda da shafin ke taimakawa a kauce masa. Ana yawan cewa furotin, sinadarin gina jiki, daga sunan Proteus aka samo shi. Ba haka ba ne. Masanin sinadarai Berzelius ne ya ba takwaransa Mulder shawarar sunan a 1838, daga πρωτεῖος, wato mai daraja ta farko. Ka rubuta wannan kalma a Logeion, za ta fito da shigarta daban, ba tare da ambaton teku ko rikiɗa ba. Ita da Proteus 'yan uwa ne ta wajen πρῶτος, amma ɗaya bai haifi ɗaya ba.

Ga mai rubuta aikin makaranta: kada ya ce "Logeion ya ce". Kowace shiga tana ɗauke da sunan ƙamusun da ta fito daga ciki, shi za a ambata tare da shekarar bugunsa, sannan a buɗe baitin da ƙamusun ya nuna a karanta shi a cikin mahallinsa kafin a kafa hujja da shi.