Mai ginshiƙi biyu, mai huɗu, ko rami: wanne ya dace da garejin gida a Maraɗi?

Ɗan'uwa, ka ce kana da Hilux da Corolla, kana son ka riƙa gyara su da hannunka ranar hutu, amma ka rasa zaɓi tsakanin na'urar ɗaga mota mai ginshiƙi biyu, da mai huɗu, da haƙa rami. Kafin ka tambayi kuɗin ko ɗaya, shiga garejin ka auna tsayin rufi, sannan ka sa magini ya huda daɓen a wata kusurwa ka ga kaurin simintin. Abin da ka gani shi zai yanke maka rabin shawara.

Mai ginshiƙi biyu ita ce ta aikin gaske. Hannuwa huɗu ne ke shiga ƙarƙashin mota su tallabe ta, tayoyi su rataya a sama, sai ka cire taya, ka canza birki, ka sauke akwatin giya kana tsaye, ba ka kwance cikin ƙura ba. Yawancin waɗanda ake sayarwa suna ɗaukar tan 3,5 zuwa 4, alhali Hilux tana wajen tan 2 ne, don haka nauyi ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro daɓe ne. Duk nauyin motar yana sauka kan ƙafafu biyu da aka ɗaure da kusoshi cikin kankare, kuma yana jan kusoshin kamar zai tumɓuke su. Daɓen da ake yi mana a gidaje, siminti kaɗan bisa rairayi, ba zai riƙe ba. Masu ƙera su da yawa suna neman kankare mai kaurin santimita 15 zuwa 20 da rodi a ciki, a bar shi kwana 28 kafin a huda. A zafin Afrilu, in ba a riƙa ba shi ruwa safe da yamma ba, zai bushe ne kawai bai yi ƙarfi ba. Kuma kusa da tsagewa ko bakin daɓe ba a kafa ginshiƙi. Ga rufi: irin mai sanda a sama tana son wajen mita 4. Mai faranti a ƙasa ta fi gajarta, amma duk da haka Hilux mai tsayin kusan mita 1,8, in ka ɗaga ta yadda za ka tsaya ƙarƙashinta, ta wuce mita 3,5.

Mai ginshiƙi huɗu ta fi sauƙin kai. Hawa kake yi da motar bisa faranti biyu, nauyi ya rabu huɗu, ba ruwanka da neman inda za ka sa hannuwa. Ga sabon shiga, nan ta fi aminci. Sai dai tana cin wuri, tsawonta kusan mita 5, kuma motar na zaune kan tayoyinta. Bidanji, wato canza man inji, da salansa da duba ƙasan mota, ba laifi. Birki kuwa sai ka ƙara sayen ƙaramin jak da ke zama tsakanin farantan.

Su biyun suna da matsala guda wadda mai sayarwa ba zai tuna maka ba: wuta. Akwai mai aiki da volt 220, akwai mai son layi uku na 380, to duba mitar NIGELEC ta gidanka kafin ka biya. Injin ɗin yakan kai kilowat 2,2, kuma lokacin tashi yana jan wuta ninkin haka, ƙaramin gurup, wato janareto, ba zai tada shi ba. Ka san wutarmu daga Katsina take shigowa, ka kuma tuna duhun da aka sha bayan Nijeriya ta yanke layin a watan Agustan 2023. Idan ka sauke mota bisa makullan ƙarfe na na'urar da ke riƙe ta a sama, wanda dole ne kafin ka shiga ƙarƙashinta, sai an ɗan ɗaga ta tukuna makullan su saki. Wuta ta ɗauke, mota ta kwana a sama ke nan. Don haka tambayi ko akwai famfon hannu na gaggawa. Ƙurar hunturu kuma in ta haɗu da giris tana cin sarƙa da wayoyin ƙarfe masu daidaita tashin ɓangarorin na'urar, sai an riƙa gogewa ana sake shafawa.

Rami ba ya son wuta, ba ya son dogon rufi, ba wata robar da za ta tsiyaye ka jira a kawo maka daga Kano. Faɗin santimita 80 zuwa 90, zurfi gwargwadon tsayinka, wajen mita 1,5, magini ya gama. Shi ya sa bakanikanmu suka riƙe shi. Amma ina roƙonka kada ka raina shi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, cikin ramin yake taruwa, tartsatsi ɗaya ya isa. Ƙasarmu rairayi ce, in ba a gina bangon da bulo cikakke da rodi ba, yana iya ruftawa. In gidanka na gangare wajen Gulbi, damina za ta cika maka shi. Sannan gida ne, akwai yara: murfin katako mai kauri ba abin da za a ce sai gobe ba ne.

Ga abin da nake gani. In garejin an riga an gina shi da rufin mita 3, bar zancen na'ura, ka haƙa rami mai kyau, ka haɗa da jak da ƙafafun ƙarfe huɗu na tokare mota, za su yi maka birki da taya. In kuwa sabon gini za ka yi, zuba kankaren da takardar mai ƙerawa ta nema, ɗaga rufi mita 4, ka ɗauki mai ginshiƙi biyu ta volt 220. Ita Hilux, da yake tana kan shasi, tana son dogayen matashai a kan hannuwan, ka tabbatar suna cikin kayan. Kuma duk ranar da za ka sauke abu mai nauyi irin akwatin giya, sa doguwar tokara gaba da baya, don nauyin motar yana komawa gefe ɗaya da zarar ya fita.