Batakarin "Papa J" da ake sayarwa a Nima: ta ci sunanta kuwa?

Akwai wani shagon fugu (wato batakari, rigar saƙi ta arewacin Ghana) a gefen kasuwar Nima a Accra da ke rataye da hoton tsohon shugaban Ghana Jerry John Rawlings a bakin ƙofa, kuma rigarsu mafi nauyi da laƙabinsa suke kiranta, "Papa J". Da ka taɓa ta, yaron shagon zai ce maka, "Alhaji, wannan ba ta jin wahala, kamar mai sunan."

Ba ƙaramin alkawari ba ne. Rawlings matuƙin jirgin yaƙi ne da ya yi yunƙurin juyin mulki ranar 15 ga Mayun 1979, aka kama shi, ya tsaya gaban kotun soja ya ɗauki laifin a kansa, ƙananan sojoji suka fito da shi ranar 4 ga Yuni ya karɓi ƙasa. Ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba Hilla Limann mulki a Satumba, ya sake ƙwacewa ranar 31 ga Disamban 1981. Dattawan Nima har yau suna ba da labarin yadda ya shiga kwata da kansa ana yashe ta. Wasu kuma rushe kasuwar Makola ta Accra da harbe tsofaffin shugabanni uku da aka yi a mulkinsa na 1979 suke tunawa, don haka ba kowane mai saye hoton ke burgewa ba. Kuma gaskiya, yawancin kasadar nan cikin kakin soja ya yi ta. Batakari sai bayan ya zama farar hula aka fi ganinsa da ita.

To, ga rigar. Saƙar hannu ce irin ta Daboya, garin Gonjawa da ke bakin Farar Volta, inda ake rina zare da baba. Ƙyallayen sirara ne, faɗin kowanne kusan inci 4, an harhaɗa su gefe da gefe. Daga ƙugu zuwa ƙasa an cusa wasu masu tsini a sama da faɗi a ƙasa, su ne ke sa riga ta buɗe kamar laima idan mutum ya juya. A nan ba su yi rowa ba. Abawar kauri gare ta, saƙar ta matse, ko ka ɗaga ta a rana da ƙyar haske ke ratsawa. Ka juya cikin ka duba bakin ƙyallayen: na masaƙa bakinsu a rufe yake, ba ya warwarewa. Na jabu yadi ne na inji da aka yanka aka mayar sirara, za ka ga zare na tsiyaya. Ta wannan shagon ta haye jarrabawar.

Inda ta gaza shi ne hammata. Duk nauyin rigar a kafaɗa da hammata yake taruwa, amma layi ɗaya na keke suka bi da siririn zaren roba. Zaren roba ya fi audugar ƙarfi, sai ya riƙa yanka ta a hankali duk lokacin da aka ɗaga hannu, musamman ga mai hawa babur. Kafin ka biya, ka sa telansu ya ƙara layi na biyu da zaren auduga, ya kafe kusurwar da ɗinkin hannu. Aikin 'yan mintuna ne. Bakin aljihu ma haka.

Sai zuba. Baba na gaske dole ya zuba, ba aibi ba ne, amma ba sa gaya wa mai saye. Kada ka sa farar riga a ciki kafin wanki na uku. A wanke ta ita kaɗai da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, ban da bilic, ban da burushi. Kada a jiƙa ta ta kwana, domin shuɗin zai bi fararen layukan ya dusashe su. Ba a murɗe ta. A matse a hankali, a juya cikinta waje, a shanya a inuwa bisa igiya biyu ko uku, don jiƙaƙƙiyar batakari idan ta rataya a wuri ɗaya wuyanta saki yake yi. Za ta ɗan tsuke bayan wankin farko, saboda haka a ɗauki mai yalwa.

Nauyinta kuwa, da zafin Accra na watan Maris, azaba ce tsakar rana. Ta Juma'a ce da ɗaurin aure da lokacin hunturu. Mai son ta yawon yau da kullum ya nemi marar hannu, marar shafi.

Farashi ba a rubuce yake ba, sai ciniki, kuma ranar Laraba da kasuwa ke cika ba su da lokacin gyaran hammata. A je da safiyar wata rana daban, a ce a haɗa da hular daga saƙa ɗaya, don launin baba na wannan rini ba ya taɓa zama daidai da na wancan.