Ranar da injin wanke hoto ya kunyata ni a Hamburg

A nan Jamus in kana son wanke hoto ba sai ka nemi mai hoto ba. Kantunan da ake sayar da sabulu da man shafawa, irin su dm da Rossmann, yawancinsu suna da injuna a jere a wata kusurwa. Ka jona wayarka, ka zaɓi hotunan da kake so a allo, kafin ka gama mayar da wayar aljihu sun fara faɗowa da ɗuminsu. Ƙaramin hoto mai santimita 10 da 15 bai kai rabin yuro ba, kuma in za ka iya haƙurin 'yan kwanaki a kai shi babban wurin wanki, ya fi haka araha. Akwai kamfanin CEWE da ke garin Oldenburg, wanda aka kafa a 1961, shi har albam yake bugawa mai bango da shafuka kamar littafin makaranta. Farkon zuwana abin ya burge ni ƙwarai, har nakan tsaya kallon tsofaffi suna latsa allon da yatsa ɗaya, ba mai taya su.

To, bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, sai na yi niyyar wanke hotonsa babba, santimita 30 da 40, in sa a firam saboda yara. Biyu daga cikinsu a nan aka haife su, muryarsa kawai suka sani a waya. Na san akwai masu ganin rataya hoto a ɗaki bai dace ba, ba wannan gardamar ce ta kawo ni ba. Na aika gida a turo min mafi kyawun hotonsa, aka turo, na nufi wani kanti a unguwarmu ranar Asabar, ranar da kowa ke cefane tunda Lahadi kantuna a rufe suke.

Ina zaɓar girman sai injin ya fito da alamar gargaɗi a gefen hoton. Na rage girman, alamar na nan. Na ƙara ragewa, tana nan. Layi ya fara taruwa a bayana, kuma Bajamushe in yana jira ba ya magana, numfashi kawai yake saukewa ka ji shi har ƙeyarka. Ma'aikaciyar kantin ta zo, ta ja hoton da yatsu biyu ya buɗe, sai ga fuskar Baba ta tarwatse ta zama 'yan murabba'ai, ido da gira sun haɗe, zanen hularsa ya zama dabbare-dabbare. Ta ce, "Wannan ai ba na asali ba ne, hoton allon waya ne. Kawo na asalin." Na ce shi ke nan abin da muke da shi. Ta dube ni, ba da raini ba, da mamaki na gaskiya, ta ce, "Mahaifinka ne fa ka ce? Ba wani a gidanku da ya ajiye?" Wata dattijuwa da ke injin kusa da ni ta juyo tana kallona da tausayi, a hannunta ga wani tsohon hoto baƙi da fari na iyayenta da ta kawo a kwafa mata, gefensa ko lanƙwasa babu. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mutumin da ya haura saba'in, ya aurar da 'ya'ya, ya je Makka, an ɗauke shi hoto a suna da biki da sallah ba adadi, amma abin da ya rage mana shi ne hoton da wani ya ɗora a sitatus ranar rasuwa, wani ya yi sikirinshot, har da rubutun addu'a a kan rigarsa da alamar batirin wayar mai ɗaukar a sama. Na bi 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan an ƙwace wayarsa, wancan katin memorinsa ya lalace, ƙanwata ta goge komai don wuri ya cika. Mai hoton da ya yi aikin bikin autarmu ya ce kwamfutarsa ta daɗe da mutuwa, kuma da ma ta WhatsApp ya tura wa kowa.

A nan matsalar take, jama'a, kuma sai da na sha kunya na zauna na fahimce ta. Hoton waya tarin ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksel. Domin ya fito tas a takarda ana so a samu kamar ɗigo 300 a kowane inci, wato ƙaramin hoto na 10 da 15 yana buƙatar wajen 1200 da 1800. Na bango, da yake daga nesa ake kallonsa, ko rabin hakan aka samu a inci ya wadatar, amma duk da haka mai 30 da 40 yana son kusan 1800 da 2400. Waya mai megafiksel 12, wato fiksel miliyan 12, wadda yanzu ko ɗan acaɓa yana da irinta, tana ɗaukar 4000 da 3000, ya isa har ya yi yawa. Wato wayoyinmu ba su gaza ba. WhatsApp ne ke matse hoto ya dawo wajen 1600 a tsawo don ya yi saurin tafiya, sannan mu bi shi da sikirinshot, mu yanke gefe, mu sake turawa, kamar shayin gidan makoki da ake ta ƙara wa ruwa har ya koma ruwan zafi mai launi. Alhali tun 2023 akwai maɓallin HD a wajen tura hoto, kuma in ka tura shi a matsayin fayil, wato ta wajen da ake aika takardu, yana zuwa yadda aka ɗauke shi. Ba wanda ke yi. Kowa tattalin data yake, mutumin da zai kwana kallon bidiyon barkwanci.

Abin da ya fi ci min rai, da ba haka muke ba. Wa ya manta lokacin da baƙo zai zo, kafin a kawo ruwa an miƙa masa albam ya yi ta buɗawa yana tambayar wace ce wannan? Ranar sallah mu yi layi a situdiyo da sababbin kaya, a tsaya gaban labule mai zanen bene da furanni, bayan kwana uku a je karɓa har da nagetif a cikin ambulan. Waɗannan hotunan suna nan a ƙasan akwatin iyayenmu mata, sun yi ja amma ana gane kowa. Na shekarun wayar nan kuwa, da muka fi kowane zamani ɗaukar hoto, su ne babu.

Kada a ce na zo yabon Turawa ne kawai. Akwai abin da mai wankin hoto na gida ya fi injinsu sani, shi ne baƙar fata. Na taɓa aika hotunan sunan ɗana wani wurin wanki ta intanet, na bar musu gyaran nan da inji ke yi da kansa. Suka dawo, farar shaddata ta fito tas har ana ƙirga zaren aikin wuya, fuskata kuwa sai haƙora. A wani kuma injin ya yi ƙoƙarin haska mu, muka koma toka-toka kamar mun kwana a hunturu ba mai. Abin yana da tarihi, domin a shekarun 1950 katin da kamfanin Kodak ke raba wa masu wanki don daidaita launi hoton Baturiya ne a jiki. Yanzu duk inda na ga zaɓin gyara na atomatik kashe shi nake yi, in haska fuskar da hannuna. A gida yaron da ke zaune gaban kwamfuta a situdiyo kallo ɗaya zai yi ya san inda zai taɓa, sai dai shi ma nasa ciwon daban ne: ba ya tsayawa sai ya mayar da amarya Balarabiya, dangin ango su zo suna tambayar ina wadda suka gani a kalanda. Ina kewar masu hoton bikin nan da za su ɗauke ka ba ka sani ba, su ruga a babur su wanko, kafin a tashi sun baje a tabarma kana ciniki. A nan ka ɗaga waya wajen taron makarantar yara ma sai an tuna maka kada ɗan wani ya shiga.

Daga baya na ce bari in riƙa wankewa a ɗakina. Na fara da firinta mai ruwan tawada, na koyi cewa ba ta son zama: ka bar ta makonni ba aiki, bakin tawadar ya bushe, hoto ya fito da layi-layi, ka ƙarar da tawada wajen wanke bakin. Takardar rubutu kuma ba ta yi, tsotse tawadar take hoton ya dushe, sai takardar hoto mai kauri, kuma dole ka gaya wa firintar irin takardar da ka sa, mai sheƙi ce ko marar sheƙi. Yanzu ƙaramar firinta mai suna Canon Selphy nake amfani da ita. Ita ba ruwan tawada gare ta ba, wani siririn ƙyalle ne mai launi da zafi ke narkarwa a kan takarda. Takardar tana shiga tana fita sau huɗu, rawaya, ja, shuɗi, sannan wani rufi da ke kare hoton daga danshi da shafar yatsa. Ana sayar da takarda da ƙyallen tare, kwali mai 108, don haka ka san kuɗin kowane hoto tun kafin ka fara, kuma ya ɗan fi na kanti tsada. Ana iya saya mata batir, abin da zai yi wa mutanen gida amfani, sai dai a kiyaye ta da ƙurar hunturu, don ƙwayar ƙura ɗaya a takardar tabo ne a fuskar mutum.

Abu biyu ke ɓata wa mai wanki a gida rai. Allon waya fitila ce, takarda kuwa ba ta da hasken kanta, shi ya sa hoton da ya yi kyau a waya yake fitowa da duhu. Rage hasken allon zuwa rabi kafin ka yi gyara, ka fara gwada ƙarami kafin babba. Na biyu, siffar hoton waya 4 da 3 ce, takardar 10 da 15 kuwa 3 da 2, don haka dole wani gefe ya tafi. In ka bar wa inji ya yanke, hular Alhaji ko ɗaurin ɗankwalin Hajiya ne ke tafiya.

Makon jiya na kira ƙanena na ce ya zaunar da Hajiyarmu a inuwar zaure da hantsi, ya goge gilashin kyamarar da gefen rigarsa, kada ya sa mata filta ko ɗaya, ya turo min a matsayin fayil. Ya ce, "Yaya, wannan fa zai ci data." Na ce nawa ne, na tura masa. Hajiya kuma ta ce ba za a ɗauke ta da zanen gida ba, sai an ɗauko mata leshin da ta sa a bikin auta, kuma sai Juma'a in ta yi lalle. Na wanke guda shida da suka iso, zan ba wani ɗan Zariya da zai tafi gida ƙarshen wata. Wanda ya karɓa ya sa su a albam ko firam mai gilashi, kada a manna su da salatif a bangon da rana ke bugawa.