Samsung 870 EVO: Ma'ajiyar Bayanai Mai Hawa 128

Duk mai sana'ar tace bidiyon biki ko buga takardu a Agege ko Idi-Araba da kwamfutarsa ta fara nauyi, shawarar farko da masu gyara na kasuwar Computer Village a Ikeja suke ba shi ita ce ya cire tsohon faifai mai juyawa ya sa SSD, wato ma'ajiyar bayanai ta lantarki wadda babu abin da ke juyawa a cikinta. Ni Samsung 870 EVO mai gigabait 500 na sa, kuma na gamsu da shi.

Darajarsa tana cikin yadda aka gina shi. A da ana jera ƙwayoyin ajiya ne a shimfiɗe a kan silikon, ana ta rage girmansu har suka matsu, cajin wannan yana shafar na maƙwabciyarta. Toshiba ta bayyana dabarar ɗora su bisa juna a 2007, Samsung kuwa ta fara ƙera nata a 2013 da hawa 24, kamar yadda ƙarancin fili ya tilasta wa mutanen Legas gina bene. Wannan samfurin na 2021 hawa 128 gare shi. Ana shimfiɗa hawan ɗaya bayan ɗaya, sannan a huda ramuka masu ɗimbin yawa daga sama zuwa ƙasa, duk inda rami ya ratsa hawa ya zama ƙwaya guda mai riƙe bit 3 (bit shi ne ma'aunin bayani mafi ƙanƙanta). Abin da ya fi burge ni shi ne hakan ya yiwu ne domin ƙwayoyin duk siffarsu ɗaya; ƙwaƙwalwar kwamfuta mai sarrafa lissafi (processor), wadda da'irorinta suka bambanta kuma take fitar da zafi sosai, ba ta kai ga irin wannan tsayi ba tukuna.

A wajen aiki, kwamfutar tana tashi nan take, kuma tunda babu abin da ke juyawa a cikinsa, jijjigar motar haya ta danfo ba ta yi masa illa. Garantinsa shekara 5 ne, ko rubutun terabait 300.

Rauninsa shi ne mahaɗar da ake jona shi da kwamfuta, wato SATA, wadda ta tsayar da saurin karatunsa a megabait 560 a daƙiƙa. Wanda kwamfutarsa take da gurbin NVMe, wanda ya fi SATA sauri, gara ya kai kuɗinsa can. Wanda kuwa zai sayi wannan, ya nemi mai shago ya jona shi a gabansa, a buɗe manhajar Samsung Magician ta tabbatar na asali ne kafin ya biya, domin jabu suna yawo a kasuwa.