Linux Mint a kan tsohuwar laftof: inda ta yi min rana da inda ta tsaya

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta, kuma yawancin laftof ɗin Beljiyam da ke hannunmu a Gombe ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Windows 11 tana neman TPM 2.0, wato wani guntun na'urar tsaro a cikin kwamfuta, kuma idan injinta na kamfanin Intel ne sai na ƙarni na 8 zuwa sama. Tawa HP EliteBook 8470p ce, ƙirar 2012, Core i5 na ƙarni na 3 da RAM 4GB. Da ita nake buga wa ɗalibai furojet a ɗan shagona da ke Tudun Wada, ba nisa da Jami'ar Jihar Gombe. Filashin da ke shiga cikinta a rana ɗaya Allah kaɗai ya san adadinsu, saboda haka barin ta babu kariya bai kwanta min ba. Shi ya sa na share ta ƙaf na loda Linux Mint 22, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, samfurinsa marar nauyi mai suna Xfce, wanda za a ci gaba da kula da shi har 2029.

Lodawar ba ta da wuya. Fayil ɗin ya kusa 3GB, don haka sai mutum ya tanadi data. Na rubuta shi a kan filashi da wata ƙaramar manhaja mai suna Rufus, na danna F9 lokacin da kwamfutar ke tashi, na zaɓi filashin. Abin da ya fi burge ni shi ne Mint tana tashi daga filashin kai tsaye, ka shiga intanet, ka gwada sauti da Wi-Fi, ba tare da ta taɓa komai a cikin kwamfutar ba. Sai ka gamsu sannan ka danna lodawa. Abu biyu kawai zan ja kunne a kai: a kwashe fayiloli zuwa wani wuri tukuna, domin sharewa ba ta da dawowa, kuma a cika batir kafin a fara, kun san halin wutarmu.

Bayan an gama, laftof ɗin ta yi sauƙi sosai. Fankar da ke ta kuka da rana tsaka ta lafa, Firefox yana buɗewa ba jira. Ɓoyayyun fayilolin bairos da ke zuwa cikin filashin ɗalibai, masu mayar da folda ta zama gajeriyar hanya, yanzu ina ganinsu ƙuru-ƙuru ina gogewa, domin an rubuta su ne don Windows. Akwai kuma abin da ban zata ba: tsarin kibod na Hausa yana ciki tun asali. Na ƙara shi daga saituna, ƙ da ɗ da ɓ suka zauna a ƙarƙashin yatsuna. Duk wanda ya taɓa buga furojet ɗin ɗalibin sashen Hausa yana kwafo harafi ɗaya-ɗaya ya san girman wannan ni'ima.

LibreOffice tana zuwa tare da Mint, tana buɗe fayilolin Word tana kuma adana su. Sai dai a nan ne aikina ya fara neman haƙuri. Malamai suna son Times New Roman, girma 12, layi biyu-biyu. Mint ba ta zuwa da wannan rubutun, tana maye gurbinsa da Liberation Serif, wanda faɗin haruffansa ɗaya ne da na Times. Na sauke ainihin rubutun ta wani kunshi mai suna ttf-mscorefonts-installer, shafukan rubutu zalla suka daidaita. Amma babi na huɗu, inda tebura suka cika, wani lokaci teburi yakan zame zuwa shafi na gaba, lambobin shafi a jadawalin abin da ke ciki su kauce. Yanzu duk aikin da na gama sai na mayar da shi PDF kafin ya bar shagon.

Babbar magana ita ce manhajojin Windows. Fayil mai .exe ba ya aiki a Linux da kansa, sai ta hanyar wata manhaja mai suna Wine, aikin sa-kai da aka fara tun 1993. Ba Windows ce ake kunnawa a ciki ba. Duk abin da manhaja ta nema daga Windows, Wine ce ke karɓa ta juya shi zuwa abin da Linux ke ganewa, kamar tafinta a kotu. Idan buƙatar ta yau da kullum ce, sai magana ta wuce lafiya. Idan manhajar ta nemi wani abu da ba a riga an rubuta wa Wine ba, sai ta tsaya cak ko ta rufe kanta.

Ƙananan abubuwa sun yi aiki. Notepad++ ta tashi, wata tsohuwar manhajar koyon buga rubutu da nake sa wa yaran shago ita ma ta tashi, har da sautinta. CorelDRAW kuwa, wadda da ita nake katin ɗaurin aure da kalandar walima, ko lodawa ba ta ƙarasa ba. Na gwada ta cikin Bottles, wadda ke sauƙaƙa saitunan Wine, labarin bai canja ba. Ban ga laifin kowa a nan ba, masu Corel sun yi ta ne don Windows da Mac. Masu Wine ma ba su ɓoye komai ba, suna da rumbun AppDB inda masu gwaji ke ba kowace manhaja daraja daga Platinum, mai aiki lafiya lau, zuwa Garbage, wadda ba ta amfanuwa, kuma ya kamata mutum ya leƙa can kafin ya share kwamfutarsa.

Na kai wa wani ƙanena mai gyaran kwamfuta a Jekadafari. Ya ce, "Yaya, sai dai VirtualBox, mu sa Windows a cikin Mint ɗin. Amma da RAM 4GB, wallahi za ka gaji da jira." Gaskiya ya faɗa. VirtualBox manhaja ce da ke kunna wani tsarin a cikin wani. Windows ta tashi a cikin taga, Corel ta buɗe, amma da na jawo hoto mai nauyi sai alamar linzami ta dinga tsalle, kwastoma na tsaye a kaina yana duba agogo. Inkscape, manhajar zane da ke aiki a Linux, tana buɗe wasu fayilolin Corel masu .cdr, sai dai rubutu da inuwa kan wargaje, kuma masu injin buga kati da nake kai wa aiki Corel suka sani, ita suke tambaya.

Firinta ɗaya daga cikin biyun da nake da su Mint ta gane da zarar na soka waya. Ɗayar, tsohuwa ce mai buƙatar direba na musamman, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, har yau ba ta amsa ba.

Ga ɗalibi, malamin makaranta, ko mai shago da aikinsa rubutu ne da intanet da cike fom, ina ba da shawarar Mint da zuciya ɗaya, hakan ya fi a jefar da laftof mai lafiya don kawai an daina kula da Windows ɗinta. Wanda abincinsa ke cikin Corel ko wata babbar manhajar Windows kuwa, kada ya dogara da Wine. Ni na bar EliteBook a kan Mint don buga furojet, na ajiye tsohuwar kwamfutar tebur a kan Windows 10 don Corel da waccan firintar, na cire mata intanet, kuma filashin kowa ba ya shiga cikinta sai ya fara bi ta Mint.