Etymonline da dangin "port"

Ɗiyata ce ta ƙure ni daren Talata: "Baba, me ya haɗa import da export da transport?" Na yi shiru, na lallaɓa na buɗe Etymonline a waya, ƙamus ɗin asalin kalmomin Turanci da Douglas Harper ya kafa a 2001, kyauta.

Ashe duk daga portare suke, wato ɗauka a Latin. Wanda ya ba ni mamaki shi ne sport: daga disport, ɗauke hankali daga aiki! Portrait kuwa kama ce kawai, ba dangi ba, tushensa protrahere, jawowa.

Bayanin gajere ne, har da zamanin da kalma ta shigo Turanci. Muna ta bi, tuwona ya huce.